Ranar da Evelio Ya Fito da Randar Surukarsa

A duk faɗin Camagüey babu abin da Evelio Socarrás bai iya ba, in dai a baki ne. Ya iya gyaran rediyo, shi ya sa tawa ta yi shiru har yau. Ya iya kiwon kaji, shi ya sa lungunmu ya sha romo kwana biyu, daga nan ba a ƙara jin cara a gidansu ba. Ni Obdulia mai gyaɗa, bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasu, don haka duk cika bakin da zai fitar titi ni nake fara shan sa da zafinsa.

Gidan ma ba nasa ba ne. Na surukarsa ne, Doña Petrona, tsohuwa 'yar firit wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. Aure ne ya shigo da shi, da jaka ɗaya da bakin nan nasa. Asali babban gida ne, magada suka tsaga shi biyu, suka ja bango tun daga tsakar gida har ya raba ƙofar waje. Rabi ya zama nawa, rabi nasu, kowa da rabin ƙofarsa. Randar kuwa a nasu ɓangaren ta faɗa.

Randa ce irin ta garinmu, ta jan yumɓu, wadda ƙato zai shiga ya zauna ya miƙe ƙafa. Kakan Doña Petrona ne ya gina ta da hannunsa. Rabinta na binne a tsakar gida ƙarƙashin indararo, duk ruwan saman da ya sauka a rufi cikinta yake ƙarewa. Famfon lungunmu sai ya ga dama yake zuwa, kuma idan ya yi yaji, kowa a randar nan yake sha. Tsohuwar ba ta taɓa hana kowa ba. Sharaɗinta kawai ka ɗiba da moɗarta, kuma kada ka jingina. Da safe sai ta shafa cikin randar ta gaishe ta kafin ta gaishe da 'yarta Migdalia, matar Evelio.

Abin da ya tsaya wa Evelio a wuya shi ne baƙi. Kullum masu keken haya suna jigilar 'yan yawon buɗe ido daga dandalin wannan coci zuwa na wancan, su ɗauki hoton busassun randunan gidan tarihi, su wuce ta bakin lungunmu ko waiwaye babu. Wata rana ina ƙulla gyaɗa a takarda ya zo ya tsaya a kaina, ya ɗebi hannu guda ba tare da ya tambaya ba.

"Maƙwabciya, kin san abin da ke damun lungun nan?"

"Na sani mana. Ga shi yana cin gyaɗata."

"Rashin hangen nesa! Muna zaune a kan randar da ta fi kowace randa a garin nan, mun ɓoye ta a tsakar gida kamar kayan sata. Fito da ita zan yi, in kafa ta a ƙofar gida. Wa bai san cewa wanda ya sha ruwan randar Camagüey ba ya barin garin ba? Bature ya ji wannan, da gudu zai miƙo kofi. Ni kuma in tsaya da farar riga ina zuba musu tarihi. Kafin shekara ta zagayo, gyaɗarki ma sai ta hau jirgi."

"Doña Petrona ta sani?"

"Za ta sani idan ta ga layi har bakin titi."

"To ta ina za ta fita, injiniya?"

Ya ware hannuwa kamar mai shirin rungumar iska. "Na auna. Ni idona ma'auni ne. Lokacin gyaran hasumiyar coci, ni ake kira a ce, Evelio, duba mana ko ta karkace."

Na ce masa ya taɓa randar nan ya gani. Ya ce ai mata ba sa fahimtar babban aiki sai an gama shi, ya ƙara ɗibar gyaɗa ya tafi.

Dama ta faɗo masa ranar da Doña Petrona da Migdalia suka shirya zuwa garin Guáimaro duba ƙanwar tsohuwar da ba ta da lafiya, da niyyar su kwana. Ina jin su ta bango da sassafe. Tsohuwar ta ce, "Evelio, ga shinkafa da wake a tukunya. Ka ci, ka kwanta. Don Allah kada ka gyara komai." Ya ce, "Haba Mama, kamar ba ki san ni ba." Ta ce saboda ta san shi ne.

Ƙurar ƙafarsu ba ta kwanta ba ya fito. Ya tare Arsenio mai keken haya, ya sa shi alkawarin bayan cin abincin rana zai karkato da baƙinsa da na abokansa zuwa lungunmu. Ya je gindin bishiyar bakin titi ya taso ƙattan da ke buga domino da kwalbar giya guda. Ya aro tiyo. Ni kuma na kifa bahon wanki a tsakar gidana, na hau, na leƙo ta kan bango.

"Evelio, ka bar ruwan nan! Famfo bai zo ba, ruwan sama bai kusa ba. Me mutane za su sha?"

"Sha'anin gida ne, maƙwabciya. Ki kula da gyaɗarki."

Ya zura tiyo a randa, ya sa ɗaya bakin a nasa, ya zuƙa da dukan ƙarfinsa. Ya manta da ƙananan kifayen da 'yan duba-gari ke zuba mana a randuna don su cinye tsutsar sauro. Sai na ga idanunsa sun firfito, ya dafe maƙogwaro, ya haɗiye wani abu da ƙyar.

Ɗaya daga cikin 'yan domino ya ce, "Mutumina, lafiya?"

"Ƙalau. Gwada ingancin ruwan nake."

"Ingancin nasa yana motsi ne?"

Ruwan kuma ya saki a magudanar da muke tarayya, wadda ta toshe tun ranar da ya gyara ta. Kafin in sauko daga baho, ruwa ya biyo ta ƙarƙashin bango ya shiga ɗakina, takalmana na yawo, 'yan kifi na wutsil-wutsil a ƙarƙashin gado. Matan lungu suka ji labari suka fito da bokitai da tukwane, suna tara abin da ya gangaro titi suna tsine masa. Shi kuwa daga ciki yana ta ƙwala musu, "Wata rana za ku gode mini!" Wata ta ce a yau ma a shirye take ta gode masa da muciya, ya buɗe ƙofa kawai.

Da randa ta ƙafe aka shiga haƙa. A nan ne idon ma'auni ya fara ba da kunya. Abin da ya auna shi ne abin da ke sama. Suna haƙa cikin randa na ƙara faɗi, suna haƙa yana ƙara faɗi. Suka tone furannin tsohuwar, suka tsinke saiwar bishiyar lemonta, ƙasa ta taru har bakin kicin. Evelio ya tsaya riƙe da ƙugu yana hararar randar.

"Wannan ba ita ce na auna ba."

Na ce, "A'a, cikin dare aka musanya maka."

Ya ce a ɗaura mata igiya a rataya a azarar baranda a ja, haka ake ɗaga jirgin ruwa, ya gani da idonsa. Aka ja. Randa ba ta motsa ba, baranda ce ta motsa. Jan tayil na rufi ya zubo ratata, ɗaya ya sauka a tsakar kan wani ƙato, ya zauna daɓas yana tambayar wa ya ci wasan. Daga ƙarshe da katakon gadon Evelio da ƙyauren banɗaki suka banƙaro ta daga ramin, ta kwanta a gefenta. Suka mirgina ta cikin falo. Kujerar lilon da mijin Doña Petrona ya mutu a kanta tana kan hanya, aka ji ƙaras, sai ga ta ta zama itacen girki. Evelio ya ce dama gara ta cinye ta.

Sai ƙofa. Na sauko na zagayo ta waje don kada in rasa komai. Randar nan tun gidan yana da cikakkiyar ƙofa aka shigo da ita, yanzu kuwa rabi ce. Ko makaho ya shafa ya san ba za ta wuce ba. Evelio ya cire ƙyaure. Bai isa ba. Ya ɗauko guduma ya fara sassaƙe gefen gini, har ya juyo kan bangon da ya raba mu.

Na ɗaga ludayin suyar gyaɗa na ce, "Ka ƙara bugu ɗaya a nan, in nuna maka inda ake sassaƙe mutum."

Ya soke gudumar a aljihun baya, ya ce dama ya gama da wannan ɓangaren. Ya shiga ya kwaso sabulun Migdalia da kwalbar man girkin da suka karɓo a rabon da gwamnati ke yi duk wata, ya shafe randa da gefen ƙofa tas. Man da za su ci har ƙarshen wata ke nan. Ya jawo katifarsu ta aure ya shimfiɗa a ƙasan dakali don ta sauka a kan laushi. Ya tura 'yan domino waje su ja da igiya, shi ya tsaya a ciki, wai daga baya ake jan ragamar aiki.

"Ku ja! Ku ja, ragwaye! Ni kaɗai nake aikin nan!"

Bakin randa ya leƙo titi, wuya ya fito, kafaɗa ta fito. Da aka zo kan tumbin, sai ta cije. Suka ja, ta ƙi. Ya ce to a mayar da ita a sake dabara, suka tura, ta ƙi. Ta toshe ƙofa ruf, ko kyanwa ba ta samun hanya. 'Yan domino suka dubi juna, suka dubi kwalbar da Allah ya sa tana waje, suka ɗauke ta suka koma gindin bishiyarsu.

Gidan ƙofarsa ɗaya ce, tagar kuma sandunan katako ne daga sama har ƙasa. Sai ga fuskar Evelio a tsakanin sanduna.

"Obdulia, 'yar uwa, bari in biyo ta gidanki."

"Yau na zama 'yar uwa? Ɗazu mace ce da ba ta fahimtar babban aiki."

"Baƙi na hanya!"

"Sai ka ba su tarihi daga nan. Ya ma fi dacewa da kai."

Bai jira izinina ba. Ya sa farar rigarsa mai aljihu huɗu, ya hau bango, ƙusa ta kama rigar ta tsarge ta har ƙasa, ya faɗo kan kaskon da nake suya, toka da yashi suka turnuƙe. Ya fito ta ƙofata rabin fuskarsa fari fat, daidai lokacin da ƙararrawar kekuna ta shigo lungu.

Arsenio ya cika alkawari, har ya wuce. Kekuna suka jeru, Turawa jajaye da huluna da na'urorin ɗaukar hoto suka sauko, da wata mai yi musu tafinta. A cikinsu har da wani mutumin Habana, babban birnin ƙasarmu, mai sarƙar zinariya a wuya, irin waɗanda suke ganin duk wanda ba a garinsu aka haifa ba ɗan ƙauye ne. Duk lungu ya fito, har masu jego.

Evelio ya kakkaɓe toka ya gyara murya. "Manyan baƙi, barkanku da zuwa wurin uwar randunan Camagüey!"

Mutumin Habana ya ce, "Me take yi a ƙofa?"

"Al'ada ce. Sau ɗaya a shekara take leƙo titi."

"An ce mana akwai ruwan da in mutum ya sha ba ya barin gari. Ina ruwan?"

Wallahi sai a lokacin Evelio ya tuna ya zubar da ruwan. Wata maƙwabciya ta nuna masa kwata ta ce, "Ga shi can yana tafiya, shi ma ya bar garin." Ya juyo gare ni a hankali ya ce in ara masa bokiti guda. Na ce wanda na kwashe daga ƙarƙashin gado ne, in yana so da kifinsa da takalmi, bismillah.

Sai ya yi maza ya faɗa tarihi. Wai zamanin da 'yan fashin teku suka shigo har tsakiyar ƙasa suka ɓace a karkatattun lungunanmu, shugabansu a cikin wannan randa ya ɓuya, shi da takobinsa da akwatin zinariya, kuma kakan kakan Evelio ne ya kama shi da hannu ɗaya. Tafinta tana juyawa, Turawa suna gyaɗa kai. Ni dai na san kakannin Evelio ko gari ba su taɓa shigowa ba, rake suke sara.

Mutumin Habana ya leƙa bakin randa ya yi tsaki. "Ƙarya ce, malam. Babban mutum ba zai shiga ta nan ba."

"Ni kake ƙaryatawa a ƙofar gidana?"

"Gidan surukarka," in ji wani daga baya.

Evelio ya tuɓe takalma. Na ce, "Evelio, kada ka shiga." Ko kallona bai yi ba. Ya zura kai, ya zura kafaɗa, ƙafafu suka yi ta harbin iska, sai zuruf ya shige. Muryarsa ta fito daga ciki da amo kamar daga rijiya.

"Kun gani? Har wurin juyi akwai! Nan ya ajiye takobi. Da ya ji sojoji sai ya yi tsalle haka!"

Ya yi tsallen. Abin da ƙattai suka kasa, man girki da nauyin wawa suka yi shi a take. Randa ta yi wani ƙugi, ta suɓuce daga ƙofa, ta faɗo kan katifa, ta gangara. Lungunmu yana da ɗan gangare saboda ruwan sama. Ta kama hanya tana mirginawa a hankali, sannan ta ƙara mai. Turawa suka watse, wani ya ɗare tagar mutane, keken Arsenio ya kife, tiren gyaɗata ya tashi sama. A ciki kuwa sai gungurun-gungurun da ihu, "Ku tare! Ku tare!" Wa zai tare?

A can ƙasa, inda lungun ya karya kwana ya tsuke, ta je ta cije tsakanin bango biyu, gindinta a wannan, bakinta manne da wancan. Ƙura ta lafa. Muka ruga muka zagaye ta. Ikon Allah, ko tsagewa ba ta yi ba. Tsakanin bakinta da bango akwai 'yar kafa da hannu zai iya shiga. Kowa ya yi tsit yana sauraro.

Can sai muka ji, "To haka ɗan fashin ya tsere! Kun ɗauki hoto?"

Lungu ya kece da dariya. Ba a gama dariyar ba aka ji muryar Migdalia daga ɗaya ɓangaren randar tana cewa wane ɗan iska ne ya toshe hanya. Ashe motar Guáimaro ba ta tashi ba, babu mai. Sun wuni a tasha sun gaji sun dawo a ƙasa. Maza suka ɗago tsohuwar suka tsallako da ita ta kan wani dakali, Migdalia ta biyo baya.

Doña Petrona ta tsaya. Ta dubi randar, ta ɗaga kai ta hango ƙofarta a wangale ba ƙyaure, katifa a titi. Ta ajiye jakarta, ta sa tafin hannu ta bi jikin randar tana shafawa, sama da ƙasa, man girki na bin yatsunta. Ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ta kara kunne. Hawaye suka zubo mata, ni ma sai da idona ya cika.

"Lafiyarta lau," in ji ta. "Na gode wa Allah, lafiyarta lau."

Migdalia ta ce, "Mama, wai Evelio na ciki!"

"Yana numfashi?"

"Ina numfashi, Mama! Komai na tafiya bisa tsari!"

"To ya ci gaba."

Ta kira Arsenio ta ce ya tashi kekensa ya je bayan gari wurin masu gasa tukwane, ya ɗauko mata Don Casimiro da 'ya'yansa, su zo da igiyoyi da buhunan ciyawa. Su suka san yadda ake lallaɓa randa. Kafin su iso kada wanda ya taɓa, kada wanda ya jingina. Arsenio ya tafi da gudu. Muka miƙa wa Evelio ruwa da ƙullin gyaɗa ta kafar, har mahuci wata ta zura masa. Abin da ya rage masa kawai ya zauna.

To amma Don Casimiro shi ne mutumin da Evelio ya shekara yana gaya wa lungu cewa shi ya koya masa hura wutar gashi. Ga Turawa sun dawo da ƙarfinsu, suna layi suna cusa na'ura ta kafar suna haska shi. Ga mutumin Habana ya tsuguna yana zuba masa gishiri.

"Shugaban 'yan fashi, yaya ɗakin? An tafi kiran malaminka ya zo ya ciro ka."

"Wa? Casimiro? Ni za a kira wa Casimiro? Yaron da na riƙe wa hannu?"

"Ya girme ka da shekara ashirin," in ji Migdalia. "Ka rufe mana baki!"

"Ba za a ce a garin nan Casimiro ya ceci Evelio Socarrás ba. Ku ja baya, yanzu zan fito da kaina."

Sai muka ji ƙarar ƙarfe ya gogi yumɓu. Nan take na tuna gudumar da ya soke a aljihu. Doña Petrona ma ta ji. Tsohuwar nan da gwiwoyinta ba sa lanƙwasuwa ko a coci, ta durƙusa a kan duwatsun titi, ta kai bakinta kafar.

"Evelio, ɗana. Tun da ka shigo gidana ban taɓa roƙonka komai ba. Ƙyauren na yafe, kujerar na yafe, ruwan ma Allah zai kawo wani. Ka ajiye abin da ke hannunka. Ka zauna kawai. Ba aiki na ce ka yi ba, zama na ce."

Na ɗauka ko dutse ne ya ji wannan.

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Ɗan leɓen kawai zan rage, daidai kafaɗata. Ni na san jijiyar yumɓu. Ko alama ba za a gani ba."

"Evelio!"

Ƙwas.

Bugu ɗaya ne, kuma ba mai ƙarfi ba. Da farko ba abin da ya faru, har ya fara cewa, "Kun ga..." Sai wata siririyar tsaga ta taso daga bakin randa, tana tafiya muna kallo, ta haye tumbi, ta zagaya gindi. Randa ta yi wata 'yar ƙara, ta buɗe biyu kamar ƙwarya, ɓangarorin suka faɗi suka tarwatse a kan duwatsu.

Ga Evelio zaune a tsakiya, mai da toka da ɓawon gyaɗa a ka, guduma a hannu. Ya dubi jama'a, ya miƙe, kuma don rashin kunya ya rusuna kamar mai wasan dabo. Wani Bature ya tafa sau biyu, matarsa ta riƙe masa hannu. Tafinta ta tattara mutanenta suka sulale ba sallama. Mutumin Habana ma ya bi su.

"Ana iya liƙe ta," in ji Evelio. "Ni na san wani haɗin siminti da..."

Migdalia ta cire takalmi. Ban hana ta ba, na ma matsa mata hanya. Suna cikin zagaye lungu Don Casimiro ya iso da 'ya'yansa da buhunan ciyawa. Ya dubi abin da ke ƙasa, ya cire hularsa, ya taimaka wa Doña Petrona ta tashi, ya juya da kayansa. Tsohuwar ta ƙi bari a share. Da kanta ta tsince gutsattsarin a zaninta, muka taya ta kai su gida.

Migdalia ta so ta watso masa jakarsa titi a daren. Doña Petrona ta ce a'a, babu inda za shi. Washegari ta miƙa masa bokiti biyu da sanda. Tun daga ranar shi ke ɗebo ruwa daga famfon bayan kasuwa, na gidansu da na duk gidan da ke sha a randar, kuma ni nawa da yawa nake so, ina da wanki. Masu keke ko hanya ta biyo da su lungunmu sai sun zagaye. Bakinsa dai bai mutu ba. Ya gaya wa 'yan domino cewa likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki.

Tsohuwar ce ta canza. Ta daina fitowa tsakar gida da safe, ramin ma ta hana a cike.

Da ruwan farko ya sauko, da rana tsaka, na hau bahona don in janye shanya daga kan bango. Indararo na kwarara cikin ramin, ruwa mai kyau yana zama taɓo. Doña Petrona na tsaye a bakin baranda tana kallo. Sai ga Evelio ya fito yana murza hannu.

"Mama, kin san me na hango? Tafki! A zuba kifi masu launi, a sa ɗan benci. Baƙi na mutuwar son..."

"Ɗauko babban baho," in ji ta.

Ya ɗauko.

"Shiga ramin."

Ya dube ta, ya dubi Migdalia, ya ɗago ya dube ni a kan bango. Babu wanda ya yi dariya. Ya shiga, taɓo har gwiwa. Ta sa ya ɗora bahon a ka, daidai bakin indararo, ruwa ya fara dukan ƙarfe yana fantsamar masa a fuska.

"Idan ya cika ka juye a ganga ka dawo."

"Amma Mama, ai da an ajiye bahon a ƙasa, a ilimance..."

"Randata ta fi shekara ɗari a tsaye a wurin nan," in ji Doña Petrona, "ban taɓa jin ta ce uffan ba. Ka tsaya daidai, kana zubarwa."